Kundin Aikin Gwajin Kumfar Tsirrai

4 ga Maris

Yau na fara. Burina in haɗa ruwan wankin gashi wanda kumfarsa daga tsiro take fitowa. Amma kafin in kai ga haɗi, dole in iya cewa wannan ruwan da na tatso ya fi wancan, in kuma faɗi da nawa ya fi shi. Ido kaɗai ba zai raba wannan gardama ba, shi ya sa na buɗe kundi.

Abin da ke sa irin waɗannan tsirrai kumfa shi ne sinadarin safonin. Ƙwayarsa gida biyu ce: gefe ɗaya sarƙar sukari mai son ruwa, ɗaya gefen gangar jiki mai son maiƙo. Da an girgiza, sai ƙwayoyin su jeru a inda ruwa ya haɗu da iska, su sassauta fatar ruwan, iskar ta samu wurin zama. Haka sabulu ma yake yi, kuma sunan safonin daga kalmar Latin ta sabulu ya samo asali.

Abu huɗu nake da su. Ɓawon 'ya'yan itacen Sapindus mukorossi, wanda ya fi yawa a Indiya da Nefal, zan riƙa kiransa ɗan sabulu. Saiwar ciyawar Saponaria officinalis ta Turai. Naman ɗan aduwa. Sai garin da aka riga aka tato daga ɓawon itacen Quillaja saponaria na ƙasar Chile, wanda shi ne zai zama mizanina, tunda shi an san shi, har lambar E999 yake da ita cikin abubuwan da Tarayyar Turai ta yarda a zuba a abin sha. Wannan gari da sikelin da ke karanta ɗaya bisa ɗari na giram su suka cinye fiye da rabin kuɗin da na ware.

Hanyar da zan bi ita ce wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a littafinta na 1998 kan duba ingancin tsirran magani. Giram 1 na gari a ruwa mililita 100, a tafasa a hankali minti 30, a bari ya huce, a tace, a ciko da ruwa ya koma 100. Sai bututun gwaji 10 masu murfi, tsayin santimita 16, faɗin milimita 16. Na farko a zuba mililita 1, na biyu 2, haka har na goma, a ciko kowanne da ruwa ya kai 10. A girgiza daƙiƙa 15, sau biyu a kowace daƙiƙa, a ajiye minti 15. Bututun da kumfarsa ta tsaya a santimita 1, yawan ruwan tsiron da ke cikinsa shi za a raba 1000 da shi. Abin da ya fito shi ne lambar kumfa.

5 ga Maris

Niƙa da tankaɗe. Ƙurar saiwar Saponaria da ta garin Quillaja suna sa atishawa mai zafi da ƙaiƙayin maƙogwaro, daga yau ba na buɗe su ba takunkumi. Aduwa ta ƙi niƙuwa saboda danƙo, sai kankarewa na yi da wuƙa.

Na auna laima. Giram 2 na ɗan sabulu, bayan ya daɗe a zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina sauka, ya koma 1.78. Ke nan kashi 11 cikin ɗari ruwa ne. Saiwar ta zubar da kashi 8. Aduwa ta yi duhu tana neman ƙonewa kafin nauyin ya tsaya, ban amince da lambarta ba.

7 ga Maris

Gwajin farko. Duk bututun sun yi kumfa sama da santimita 1, na kowane tsiro, har wanda mililita 1 kacal ke ciki. Bisa ƙa'ida, lambar kowanne ta haura 1000. Na ji daɗi ƙwarai.

8 ga Maris

Sakamakon jiya duka na soke shi.

Da safe na kira wani dattijo da ya shafe shekaru yana aikin ɗakin gwaji, na karanta masa lambobin. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ɗana, ka girgiza ruwa zalla kuwa?" Na ce, "A'a Baba, ban ga dalili ba." Ya ce in je in yi, in sake kiransa.

Na ɗauki ɗaya daga bututun da na wanke jiya da dare, na zuba ruwan tururi, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa, ba komai a ciki. Na girgiza. Kumfa ta tashi kusan santimita ɗaya da rabi, bayan minti 15 tana nan da sauranta. Na gwada wasu uku, haka. Ashe sabulun ruwa na wanke-wanke da na wanke sababbin bututun da shi ne ya maƙale a jikin gilashi da cikin murafen roba. Ɗauraya biyu da na yi ba ta fitar da shi ba. Murafen sun fi riƙewa, domin da na canza murfi kawai na bar bututun, kumfar ta ragu da fiye da rabi.

Abin ya yi mini ciwo, don ba ruwan tsiron kaɗai na yi asara ba, har da kaso mai yawa na garin Quillaja, wanda dama kaɗan ne. Amma da ban yi wannan kira ba, da na gina aikin wata guda a kan kumfar sabulun wanke-wanke.

Sabuwar doka: sabulu ba zai ƙara taɓa kayan gwaji ba. Ruwan zafi, burushi, ɗauraya biyar, sai alkohol, sai ruwan tururi, a kife su bushe. Kuma kowane jeri zai zama bututu 11, na ƙarshe ruwa zalla. In ya yi kumfa, jerin ya lalace.

10 ga Maris

Wanki kawai. Murafe shida na zubar.

12 ga Maris

Bututun ruwa zalla ya fito fes, kumfarsa tana mutuwa kafin in ajiye shi. Sai wata matsalar ta bayyana, wadda daga hannuna take. Ruwan saiwa guda, daga kwalba guda, na gwada sau uku, santimita 1 ta faɗo a bututu na 2, sannan na 4, sannan na 3. Wato 500, 250 da 333. Tsiron bai canza ba cikin awa ɗaya, girgizata ce ta canza. Bututun farko ina girgiza su da ƙarfi, kafin in kai na takwas kafaɗa ta gaji.

Na sa manhajar bugun kiɗa a waya, bugu 120 a minti, kowane bugu girgiza ɗaya, 30 a bututu. Na manna alama biyu a bango, tazarar santimita 30, hannu ba ya wuce su. Kuma na daina bin jeri daga na 1 zuwa na 10, ina cakuɗa su.

Karatun rula ma akwai magana. Kumfa tana hawa jikin gilashi ta bar rami a tsakiya. Wanda ya auna gefe zai samu ƙarin milimita 3 ko 4 da babu su. Na tsayar da cewa daga fuskar ruwa zuwa ƙasan ramin zan riƙa aunawa, da baƙar takarda a baya.

14 ga Maris

Lambobin farko da zan iya tsayawa a kansu, kowanne gwaji uku.

Saiwar Saponaria ta tsaya a bututu na 3 sau uku, 333. Aduwa na 4, na 4, na 5, in ce tsakanin 200 da 250. Ɗan sabulu ya haura 1000 da gaske wannan karon, sai na sirka mililita 10 ya koma 100 na sake jeri, ya tsaya a na 5, lambarsa ta kama 2000. Quillaja ban tafasa ba tunda tatacce ne, narkarwa na yi, shi ma sai da na sirka. Kwatanta lambarsa kai tsaye da ta ɗanyen tsiro ba adalci ba ne, amfaninsa gare ni shi ne in riƙa gwada shi kowane mako in ga ko hannuna ya kauce.

Abin da lambar ba ta faɗa shi ne kamannin kumfar. Ta Quillaja ƙanana ce, a cure kamar kirim, bayan awa biyu tana nan. Ta ɗan sabulu ta fi tashi sama da farko, idanunta manya, tana bushewa ta zama kamar saƙar gizo. Ta aduwa tana saurin zubewa. Don haka na ƙara layi a jadawali: tsayi nan take, bayan minti 15, bayan awa 1.

17 ga Maris

Ruwan aduwa da na bari a kan tebur ya yi fumfuna, fari-fari a sama, yana tsami. Na ɗan sabulu ya fara wari. Kwana uku kacal. Waɗanda ke firiji lafiya lau.

Dalilin a fili yake. Tafasa ba safonin kaɗai take fitarwa ba, tana jawo sukari da duk abin da ke narkewa, aduwa kuwa sukari ne cike da ita. Na gwada ruwan aduwar da ya lalace don in gani, ya sauka daga bututu na 4 zuwa na 7. Ƙwayoyin cuta suna iya gutsure sarƙar sukarin da ke jikin safonin, in ta tafi kuwa abin da ya rage ba ya narkewa sosai a ruwa, balle ya riƙe kumfa.

Wannan ya sa na janye niyyar dogara da ƙaramar na'urar auna kaurin sukari da na aro. Duk abin da ya narke take ƙirgawa. Ta ba aduwa lamba mafi girma, alhali ita ce ta ƙarshe a kumfa.

Daga yau ruwan da ya wuce awa 24 ba ya shiga gwaji. Na ware kwalabe ƙanana don gwajin ajiya: ɗaya haka nan, ɗaya da sodiyam benzowet, ɗaya da fotasiyam sobet, duka biyun sinadaran hana ruɓa ne. Benzowet ba ya aiki sosai sai ruwan ya yi tsami, pH ɗinsa, wato ma'aunin da ke sauka in tsami ya ƙaru, ya koma ƙasa da 4.5, takardar gwaji kuwa ta nuna ɗan sabulu yana wajen 5, sai na ɗiga asid ɗin sitirik na sauko da shi.

19 ga Maris

Furotin ma yana kumfa, don haka kumfa kaɗai ba shaida ba ce cewa safonin ne. Tafasar minti 30 tana daskarar da wani kaso nasa a tace shi, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali.

Na ɗiga ruwan ferik kulorayid don neman sinadarin bauri, wato tanin. Quillaja ya yi duhu nan take. Ban yi mamaki ba, ɓawon itace ne, kuma wanda na saya irin wanda ba a tace sosai ba ne. Kwamitin masana na Hukumar Abinci da Hukumar Lafiya ta Duniya ya kasa ruwan Quillaja gida biyu, na farko safonin ɗinsa kashi 20 zuwa 26 ne kawai cikin ɗari, na biyu an ƙara tacewa. Ke nan mizanin nawa ma kusan kashi uku cikin huɗu nasa wani abu ne daban.

Wannan itace yana ba ni sha'awa. Daga ɓawonsa ake tace QS-21, wani safonin mai ƙara wa allura ƙarfi, wanda ke cikin allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S da Hukumar Lafiya ta amince da ita a 2021. Ta biyun, R21, da aka amince da ita a 2023, ita ma mai ƙara mata ƙarfi daga safonin ɗin wannan itace aka yi shi.

22 ga Maris

Gwajin ruwa mai zartsi, wanda na fi ɗokin gani. Na haɗa nawa: giram 0.3 na busasshen kalsiyam kulorayid a lita 1 ta ruwan tururi, wanda ya kai taurin kusan miligiram 270 a lita. Na sa sabulun gaske a jeri don kwatance.

Sabulun ya mutu murus, ruwan ya yi fari da dusa-dusa, don kalsiyam yana kama shi ya mayar da shi abin da ba ya narkewa. Ɗan sabulu da saiwa kusan ba su motsa ba. Quillaja ya ragu kaɗan, bai kai a damu ba. A ganina wannan ita ce fa'idar safonin ta gaske, ta fi duk maganar da ake yi cewa na halitta ne.

24 ga Maris

Gwajin mako na Quillaja, daidai da na 14 ga wata. Cikin kwalaben gwajin ajiya, wadda ban sa wa komai ba ta lalace, sauran biyun suna nan.

26 ga Maris

Na tara kusan lita huɗu na ragowar ruwan gwaji, kuma ba zan zuba shi inda zai gangara rafi ko kududdufi ba. Safonin guba ne ga kifi, yana lalata musu wurin numfashi ko da kaɗan ne. A 1964 masanin Habasha Aklilu Lemma ya lura da matattun dodon koɗi a rafi, ƙasa da inda ake wanki da 'ya'yan tsiron endod, daga nan aka gano za a iya yaƙar tsargiya da shi, tunda dodon koɗin ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Aduwa ma an san tana kashe irin wannan dodon koɗi. Abin da ke kashe su ba zai bar kifi ba. Na zuba nawa a rami cikin busasshiyar ƙasa, nesa da ruwa.

Akwai gwajin da littattafai ke ambata na fasa jajayen ƙwayoyin jini, wanda safonin ya shahara da shi. Ba zan yi shi a nan ba, aikin ɗakin gwaji ne mai kayan aiki. Amma ya isa ya tuna mini cewa duk abin da zan haɗa sai an duba yadda yake yi wa ido da fata.

29 ga Maris

Ɗigo ɗaya na mai a kowane bututu kafin girgiza. Ɗan sabulu ya faɗi daga milimita 32 zuwa 9. Aduwa ta tafi gaba ɗaya. Quillaja ya riƙe fiye da rabi, ruwan ya zama fari kamar madara, alamar ya tarwatsa man ya riƙe shi.

Sai na shafa mai daidai wa daida a ƙyallaye farare na wanke. Ɗan sabulu, duk da kumfarsa ta faɗi, ya fitar da man kusan kamar Quillaja. Kumfa daban, wanki daban. Matsalar ita ce gashi maiƙo gare shi, mai wanka kuma in bai ga kumfa ba zai ƙara zubawa har kwalba ta ƙare. Dole in nemi haɗin da zai riƙe kumfa a gaban mai.

2 ga Afrilu

Na ɗauka in na ƙara sodiyam kabonet a ruwan tafasa zai fi jawo safonin. Kuskure ne. A pH 10 ruwan ya koma baƙi-baƙi, kumfar ta tashi da farko amma ba ta kai minti 15 da ƙarfinta ba. Wasu sarƙoƙin sukarin da wani irin ɗauri suke manne, wanda zafi da kanwa-kanwa ke warwarewa. Giram 5 na ɗan sabulu ya tafi a nan. Na bar wannan hanya.

5 ga Afrilu

Ɗan sabulu kashi na biyu ya iso, daga wani mai sayarwa daban. Ya fi duhu, ya fi danƙo, laimarsa kashi 16. Lambar kumfa 1250, inda na farko ya ba 2000. Ko na cire bambancin laima, tazarar tana nan. Suna ɗaya, itace ɗaya, amma lokacin tsinka da yadda aka shanya da daɗewar ajiya duk suna shiga. Ma'ana ba zan iya rubuta tsarin haɗi da giram kaza ba. Kowane kashi sai an gwada shi, a daidaita yawan da za a zuba.

Tare da shi aka haɗo mini wani gari fari da aka rubuta tsantsar ɗan sabulu ne. Ya narke garau ba launi, ba ɗaci irin na sauran, pH ɗinsa wajen 7, kumfarsa ta cika bututu har murfi. Zuciyata ba ta kwanta ba. Na sake kiran dattijon. Ya ce, "Ka zuba masa fotasiyam kulorayid ka sa a firiji, ɗana. In akwai sodiyam loril salfet a ciki zai yi farin tsaki, don gishirinsa na fotasiyam ba ya narkewa sosai." Na yi. Cikin rabin awa farin gajimare ya sauka ƙasa, alamar da ya ce ta wannan sinadarin kumfa na masana'anta. Ruwan da na tatso da hannuna bai yi haka ba.

Ba zan yanke hukunci da wannan kaɗai ba, farin gari yana iya zama an busar da shi ne a kan wani abin ɗauka. Na rufe shi, na rubuta masa lamba, ba zai shiga haɗi ba sai an duba.

9 ga Afrilu

Ƙirgar ɗigo, don auna ƙarfin fatar ruwa ba tare da girgiza ba. Na ruwa zalla wajen 72 ne a ma'aunin masana, duk abin da ya rage shi zai sa ɗigo ya ƙanƙance. Da sirinji guda, mililita 1 na ruwan tururi ya ba ɗigo 21, ɗan sabulu na farko 33, na biyu 31, saiwa 29, aduwa 26. Jerin ya yi daidai da na kumfa. Sai dai a riƙa matsawa a hankali, in an yi sauri safonin bai gama jeruwa a fuskar ɗigon ba zai faɗi, lambar ta ragu.

Na lura daga wani mataki ƙarin kauri ba ya ƙara ɗigo. Fuskar ruwan ta cika ke nan, sauran ƙwayoyin sai dunƙulewa a ciki. Shi ya sa kashi na farko da na biyu suka kusa haɗuwa a nan, alhali a kumfa sun yi nisa. Sai an sirka sosai bambancinsu ke fitowa.

12 ga Afrilu

Kwalaben ajiya sun cika kwana 26. Ta sobet garau, kumfarta ba ta sauka ba. Ta benzowet ta yi laka kaɗan a ƙasa, ba wari.

Na shirya samfuri biyar na turawa ɗakin gwaji mai na'urar HPLC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa ta auna su: ɗan sabulu kashi biyu, saiwa, Quillaja, da farin garin, wanda na nemi a yi masa gwajin shuɗin metilin na gano sinadaran wanki na masana'anta. Kuɗin wannan zai ɗara duk abin da na kashe tun 4 ga Maris, don haka aduwa na cire ta daga jerin, lambarta ba ta kai in biya mata ba tukuna.

Kafin sakamako ya dawo zan haɗa bututun Ross-Miles, gwajin kumfa da aka fito da shi a 1941, inda mililita 200 ke zubowa daga tsayin santimita 90 a kan mililita 50. Wannan zai cire hannuna daga lissafi. Zan kuma fara gauraya ɗan sabulu da Quillaja, 9 da 1, 4 da 1, 1 da 1, kowanne da ɗigon mai. Bututun gilashi mai tsayin mita ɗaya nake nema, sai kuma sababbin murafe 20.